Me ya sa na'urar kallo ta gida ba ta ganin sabon filash, alhali kwamfuta tana buɗe shi?

Tambayar da aka kawo mini ita ce wannan. Mutum yana da na'urar kallo da sauraro ta gida, irin wadda ke karanta faifan DVD, mai lasifikoki biyar da wata babba ta amon ƙasa, kuma akwai kafar USB a gabanta. Ya shekara da shekaru yana amfani da wani tsohon filash mai 8 GB ba tare da wata tangarɗa ba. Da ya sayi sabo mai 64 GB, ya zuba masa finafinai da sautuka daga kwamfuta, ya jona shi, sai na'urar ta yi shiru kamar ba a jona mata komai ba. Kwamfuta kuwa tana buɗe filash ɗin lafiya lau. Yana son ya san ko filash ɗin ne ya lalace ko na'urar, kuma yaya zai yi ta karanta shi.

Kai mai tambaya, bisa abin da ka bayyana, zatona mafi rinjaye shi ne babu abin da ya lalace, ba filash ɗin ba, ba kuma na'urar ba. Sabon filash ɗinka ya zo ne da wani tsarin ajiyar fayil da na'urarka ba ta iya karantawa, kuma gyaran ba zai ci maka fiye da 'yan mintoci ba. Sai dai ba na so ka garzaya ka goge filash ɗin tun kafin ka tabbatar, domin kalmar nan ta "ba ta gani" tana ɗauke da matsaloli uku daban-daban, kuma kowace da maganinta. Akwai lokacin da na'ura ba ta ma san an jona wani abu ba. Akwai lokacin da ta san an jona, amma ta kasa shiga ciki. Akwai kuma lokacin da ta shiga ciki, ta ga foldoji, amma ta ƙi kunna fayil ɗin ko ta ɓoye shi gaba ɗaya. Wanda ya ɗauki maganin ta biyu ya yi wa ta uku, zai goge kayansa a banza kuma matsalarsa tana nan daram.

Hanyar bambancewa mai sauƙi ce, kuma idonka kawai take buƙata. Ka kunna na'urar, ka danna maɓallin zaɓen mashiga a rimot, wanda akasari aka rubuta wa Source ko Input ko Function, har sai ka kai kan USB, sannan ka zura filash ɗin kana kallon ƙaramin allon gaban na'urar. Idan filash ɗin yana da 'yar fitila, ka lura da ita. In ba ta kama ba ko kaɗan, kuma allon bai motsa ba, to matsalar ta wuta ce ko ta kafar kanta. In fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf na daƙiƙa biyu ko uku, allon ya rubuta Reading ko Loading, sannan ya koma No Device ko Not Supported ko No File, to na'urar ta ji shigowar filash ɗin, ta leƙa, ta tarar da rubutun da ba ta sani ba. Wannan alamar ta biyu ita nake sa ran za ka gani, musamman tunda tsohon filash ɗinka yana aiki a wannan kafar, wanda hakan ya riga ya wanke kafar daga zargi.

Ga dalilin. Filash a karan kansa fili ne kawai na ajiya, ba shi da masaniyar inda fim ya fara ko inda ya ƙare. Abin da ke riƙe da wannan lissafi shi ne tsarin fayil, wato kundin da ke cewa fayil kaza yana wuri kaza, sunansa kaza, girmansa kaza. Tsarin da kusan kowace na'ura a duniya ta iya karantawa shi ne FAT32, wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a 1996. Daga baya, a 2006, kamfanin ya fito da exFAT domin ajiyoyi masu girma, kuma shi ne masu ƙera filash suka saba sanyawa a kan duk wanda ya haura 32 GB. Akwai kuma NTFS, wanda ya girme su duka biyun, tun 1993, kuma shi ne Windows ke amfani da shi a cikin kwamfuta. Kwamfutarka ta san dukkan ukun, shi ya sa ba ta nuna wata damuwa ba. Na'urar falo kuwa ba kwamfuta ba ce. Abin da ke cikinta ɗan ƙaramin guntun lantarki ne mai ƙaramar manhaja da aka ɗora masa tun a masana'anta, kuma abin da aka koya masa a ranar nan shi ne iyakar saninsa. Shekaru da dama exFAT yana buƙatar a biya lasisi kafin a sanya shi a na'ura, sai a 2019 ne Microsoft ya wallafa bayanan tsarin a fili, don haka masu ƙera na'urori da yawa, musamman na DVD da rediyon mota da lasifikoki masu kafar USB, suka bar shi suka tsaya a kan FAT32. Filash ɗinka mai 8 GB kusan tabbas FAT32 ne, mai 64 GB kuma kusan tabbas exFAT ne.

Ka tabbatar da idonka kafin ka yarda da ni. Ka jona kowanne a kwamfuta, ka danna masa maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, za ka ga layin da aka rubuta File system. Idan na tsohon ya nuna FAT32, na sabon ya nuna exFAT ko NTFS, to an kama ɓarawon.

Maganin shi ne a yi wa sabon filash ɗin fomat zuwa FAT32, wato a goge shi a sake masa tsarin fayil, kuma a nan akwai abubuwa biyu da ya kamata ka sani tun kafin ka fara. Na farko, fomat yana share duk abin da ke ciki, saboda haka ka fara kwashe kayanka zuwa kwamfuta, ka kuma buɗe biyu ko uku daga ciki ka tabbatar sun kwafu da kyau. Na biyu, idan ka buɗe tagar fomat ta Windows a kan filash mai 64 GB, ba za ka ga FAT32 cikin zaɓuɓɓukan ba, exFAT da NTFS kaɗai za ka gani. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa babban filash ba ya ɗaukar FAT32, kuma wannan kuskure ne. Tsarin FAT32 yana iya riƙe ajiya har zuwa 2 TB. Iyakar 32 GB ɗin nan ta tagar Windows ce kawai, ba ta tsarin ba. Sai ka nemi wata manhaja ta yi maka aikin. Wadda na fi amincewa da ita ita ce Rufus, kyauta ce kuma ƙarama. A cikinta ka zaɓi filash ɗinka, a gurbin Boot selection ka zaɓi Non bootable, a gurbin Partition scheme ka zaɓi MBR, a gurbin File system ka zaɓi Large FAT32, sannan ka danna Start. Idan kwamfutarka Mac ce, aikin ya fi sauƙi: ka buɗe Disk Utility, ka sa ta nuna dukkan na'urori ta hanyar Show All Devices, ka zaɓi ainihin filash ɗin, ba ɓangaren da ke ƙarƙashinsa ba, ka danna Erase, ka zaɓi MS-DOS FAT, wato FAT32, a matsayin tsari, Master Boot Record, wato MBR, kuma a matsayin Scheme.

Na nanata maganar MBR da gangan, domin nan ne gizo ke saƙa ga waɗanda suka ce sun yi fomat zuwa FAT32 amma har yanzu ba ta canja zane ba. A farkon kowace ajiya akwai wani ɗan jadawali da ke bayyana yadda aka rarraba ta kashi-kashi, kuma na'ura sai ta karanta wannan jadawalin kafin ta kai ga tsarin fayil. Iri biyu ne: tsohon, MBR, da sabon, GPT. Tsofaffin na'urorin falo MBR kaɗai suka sani, kuma da yawansu kashin farko kawai suke dubawa. Fomat na yau da kullum ba ya taɓa wannan jadawali, kashin da ke ciki kawai yake gyarawa, don haka filash zai iya zama FAT32 tsaf amma yana zaune a kan GPT, na'urar kuma ta ci gaba da ƙin sa. Wannan yana yawan faruwa da filash ɗin da aka taɓa gogewa a Mac, ko wanda aka taɓa amfani da shi wajen ɗora wa kwamfuta Windows ko Linux, domin irin wannan aiki yana barin ƙananan kasusuwa ɓoyayyu. Na taɓa ɓata kusan yini guda a kan wani filash da na yi wa fomat sau uku ba tare da nasara ba, sai da na buɗe Disk Management, tagar Windows mai nuna yadda aka rarraba ajiya, na ga wani ɗan kashi na 'yan megabait zaune a gaba, babban kashin mai ɗauke da finafinai kuma yana bayansa. Na'urar tana buɗe ɗan ƙaramin, ta tarar babu komai, ta rubuta No File, kuma gaskiyarta ce. Zaɓuɓɓukan Rufus da na faɗa a sama suna share wannan duka su bar kashi ɗaya tak. Akwai hanyar yin hakan da umarnin diskpart na Windows, amma ba na ba wanda bai saba ba shawarar bin ta, domin kuskuren lamba ɗaya wajen zaɓen faifai zai iya share kwamfutar kanta, kuma umarnin ba ya tambaya sau biyu.

FAT32 yana da nasa sharaɗin da dole ka zauna da shi: fayil guda ba zai kai 4 GB cif ba. Idan ka yi ƙoƙarin kwafa fim mai 6 GB, kwamfuta za ta ce fayil ɗin ya yi wa wurin girma, ko da kuwa filash ɗin wayam yake. Ga sautuka da hotuna da finafinai masu matsakaicin girma, wannan ba zai taɓa damun ka ba. Ga manyan finafinai kuwa, ko dai a rage girmansu, ko a raba su biyu, ko a duba littafin na'urar a ga ko tana karanta NTFS, domin talabijin da na'urorin Blu-ray da yawa suna karanta shi ko da ba su san exFAT ba. A ra'ayina, ga na'urar DVD irin taka, wannan iyaka ba asara ba ce, domin fim ɗin da ya haura 4 GB kusan koyaushe mai ingancin hoto ne da ya fi ƙarfin na'urar tun asali.

Wannan ya kawo mu ga matsala ta uku, wadda nake jin za ka iya cin karo da ita da zarar ka warware ta biyu, don haka gara ka san ta tun yanzu. Harufan da ke ƙarshen sunan fayil, kamar MP4 ko MKV ko AVI, sunan mazubi ne kawai, ba su gaya maka abin da aka zuba a ciki ba. A cikin mazubin akwai hoto da aka matse da wata dabara, da sauti da aka matse da wata dabarar daban, kuma dole na'ura ta san yadda ake warware kowanne. Fayil biyu za su iya ƙarewa da MP4, ɗaya ya kunnu ɗaya ya ƙi, saboda na farko an matse shi da H.264, wanda aka kammala a 2003 kuma ya yaɗu ko'ina, na biyu kuma da H.265, wanda ya zo a 2013, ko AV1 na 2018, waɗanda tsofaffin na'urori ba su san da zamansu ba. Na'urorin DVD masu kafar USB ma da yawansu ko H.264 ba su sani ba. Abin da suka iya shi ne DivX da Xvid a cikin AVI, kuma girman hoton kada ya wuce na DVD, wato 720 a faɗi da 576 a tsaye. Ka duba gaban na'urarka ko samanta: tamburan da aka buga a jiki, irin su DivX da MP3 da JPEG, su ne taƙaitaccen jerin abin da ta iya. Haka nan idan hoto ya fito amma babu sauti, kada ka taɓa wayoyin lasifika tukuna, domin sau da yawa sautin fim ɗin ne aka matse da dabarar da na'urar ba ta da lasisinta, kamar DTS a wasu talabijin, ko AAC a wasu tsofaffin na'urorin DVD. Manhajar MediaInfo za ta nuna maka abin da ke cikin kowane fayil dalla-dalla. Idan H.264 na'urarka ke so, HandBrake za ta juya maka fayil ɗin. Idan kuma AVI mai Xvid take so, sai ka nemi wata manhajar juyi da ke fitar da shi, domin HandBrake ta yanzu ba ta yin AVI. Canja harufan ƙarshen suna da hannu, a mayar da MKV zuwa AVI, ba ya canja komai a ciki.

Shi ya sa nake ba da shawarar gwaji guda da ke raba gardama. Bayan ka gama fomat, kada ka mayar da kayanka duka lokaci ɗaya. Ka sa waƙa ko karatu guda na MP3 da hoto guda na JPEG a farfajiyar filash ɗin, ba cikin wata folda ba, ka ba su gajerun sunaye da harufan boko marasa lanƙwasa, sannan ka jona. Idan waɗannan biyun suka bayyana, to na'ura da filash sun fahimci juna, duk abin da ya ƙi daga baya laifin fayil ne. Na ce harufa marasa lanƙwasa ne domin wasu na'urori suna nuna ƙ da ɗ da ɓ a matsayin akwatuna ko alamar tambaya, wasu ma su tsallake fayil ɗin. Akwai kuma iyakar yawan fayiloli da zurfin foldoji da kowace na'ura ke iya bi, kuma adadin yana cikin littafinta. Idan ka cusa folda cikin folda har hawa goma, ko ka tara dubban fayiloli wuri guda, za ka ga wasu sun ɓace daga jerin alhali suna nan. Wanda ya kwafo daga Mac kuma zai iya ganin kowane suna ya fito sau biyu, ɗaya da ɗigo da ɗan layi a gabansa, kuma ya ƙi kunnuwa. Waɗannan ƙananan fayilolin bayanai ne da Mac ke ajiyewa don kansa, ana iya share su ba tare da an rasa komai ba.

Matsala ta farko, wato wadda na'ura ba ta ma ji an jona komai ba, ba ita ce taka ba bisa dukkan alamu, amma zan taɓo ta saboda masu irin wannan tambaya. Wasu kafofin USB, musamman a bayan talabijin da dogayen lasifikokin nan na ƙarƙashin talabijin, an rubuta musu Service ko Update a gefe, kuma an yi su ne domin sabunta manhajar na'urar kawai, ba za su taɓa kunna fim ba ko me aka yi wa filash ɗin. Sai kuma maganar wuta. Kafar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500 a kan bolt 5, ta USB 3.0 kuma 900. Filash na yau da kullum wannan ya ishe shi, amma babban faifan ajiya na waje mai juyawa yana buƙatar fiye da haka a lokacin da zai tashi. Idan ka kara kunne a jikinsa za ka ji yana ɗan kuka, ya yi ƙat, ya yi shiru, ya sake farawa, yana ta maimaitawa; wannan yunwar wuta ce, ba lalacewa ba, kuma maganinta faifai mai cajarsa daban, ko kafar da aka rubuta wa HDD idan talabijin ɗin yana da ita. Haka nan a guji doguwar wayar ƙari da na'urar rarraba kafa ɗaya zuwa huɗu yayin gwaji, a jona filash kai tsaye. Wayar hannu ma idan aka jona ta, yawancin na'urorin falo ba sa ganin ta, domin wayoyin zamani suna magana ne da wata ƙa'ida mai suna MTP, ba irin ta filash ba. Filash mai kalmar sirri, kamar wanda aka kulle da BitLocker, shi ma ba zai buɗu ba sai an cire makullin a kwamfuta.

Kada ka damu da cewa sabon filash ɗinka USB 3.0 ne na'urarka kuma 2.0 ce. An ƙera na 3.0 ne ta yadda zai koma gudun 2.0 idan ya tarar da tsohuwar kafa, kuma gudun ya wadatar: ƙa'idar USB 2.0 ta kai megabit 480 a daƙiƙa, alhali hoton faifan Blu-ray na yau da kullum ba ya wuce megabit 40. Idan fim yana sarƙewa, ka fi zargin nauyin fayil ɗin a kan na'urar, ko filash maras inganci.

A kan rashin inganci kuwa, akwai filash na jabu da aka yi wa dabara ya riƙa nuna 64 GB ko fiye alhali ainihin cikinsa kaɗan ne. Alamarsa ita ce fayilolin farko suna aiki, na baya kuma suna nan da sunayensu amma ba sa buɗuwa ko a kwamfuta. Manhajar H2testw tana cika filash da bayanai ta sake karanta su, ta gaya maka gaskiyar girmansa. Ka yi wannan gwajin yayin da filash ɗin yake wayam bayan fomat, tunda lokacin ne ya fi sauƙi.

Gargaɗi guda nake so ka riƙe da kyau. Idan ka jona filash a talabijin ta zamani ta tambaye ka ko ta yi masa fomat domin naɗar shirye-shirye, ko ta mayar da shi ƙarin ajiyarta, kada ka amsa da eh sai in filash ɗin na wannan aiki ne kaɗai. Za ta share komai, ta kuma rubuta masa tsarin da akasari ita kaɗai ke iya karantawa, har kwamfuta ma sai ta ce ba ta san shi ba. Kuma duk lokacin da ka gama kwafa a kwamfuta, ka danna Eject kafin ka zare, domin zarewa ana tsakiyar rubutu yana barin kundin fayil a hargitse. Windows yana iya jure wannan har ya gyara, amma ƙaramar na'ura sau da yawa ƙin filash ɗin kawai take yi.

Idan ka yi duk wannan, wato FAT32 a kan MBR, kashi ɗaya, da MP3 guda a farfajiya, amma na'urar ta ci gaba da ƙi, sai ka zare ta daga soket na minti ɗaya ka sake gwadawa, sannan ka duba shafin USB a littafinta, domin wasu tsofaffin na'urori an rubuta musu iyakar girman filash ƙarara, kamar 16 GB ko 32 GB. In haka ne, kada ka wahalar da kanka: ka bar mai 64 GB ɗin ya zama rumbun ajiyarka a gefen kwamfuta, ka nemi mai 16 GB ko 32 GB, wanda akasari yake zuwa da FAT32 tun daga masana'anta, ka riƙa ɗebo masa abin da za a kalla a falo.